Akun Baba da Kujerun Aurena

Wata goma sha ɗaya da kai ni ɗaki Baba ya rasu. Baba mahaifin mijina ne, tsohon mai sayar da goro, wanda ya shekara da shekaru a rumfa ɗaya a kasuwar Marché Central har ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Ya bar gida a unguwar New Bell mai ɗaki shida da tsakar gidan da ruwa ke kwana a cikinta duk damina, ya bar Inna matarsa, ya bar 'ya'ya, ya kuma bar aku. Malaman da suka zo rabon gado sun san yadda za su yi da komai, amma babu wanda ya ambaci akun. Shi kuwa yana bisa kejinsa a baranda yana kallonsu da ido ɗaya, can sai ya yi gyaran murya irin ta mamacin, har wani malami ya waiwaya a firgice.

Aku ne toka-toka mai jan bindi, ya girme ni a gidan nesa ba kusa ba, don mijina ya ce tun yana firamare aka kawo shi. Baba bai taɓa rufe masa keji ba. Yakan sauko da kansa, ya bi baranda yana tafiyar nan tasa ta gwame, ya leƙa ɗakin kowa kamar mai karɓar haraji. Ya iya sallamar Baba, ya iya tarinsa, ya kuma iya kiran da Baba ke yi wa Inna in lokacin sallah ya yi: “Hajiya, ruwan alwala.”

Ni kuma abin da nake taƙama da shi a gidan shi ne falona. Mahaifiyata ta yi shekaru tana suyar fanke a ƙofar gidanmu kafin ta haɗa min kayan ɗaki, ƙanwarta da muke kira Gwaggo ita ta tsaya a kan kafinta har aka gama. Kujeru uku ne da doguwa ɗaya, hannuwansu na jan katako da aka sassaƙa wa fure, sai gado da kabet na gilashi. Ba zan ɓoye ba, ina son kayan nan fiye da yadda ya kamata. Kullum da safe kafin in karya sai na bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, in ja baya in kalle su, in sake gogewa. Ƙofar falon a buɗe nake barinta saboda zafi, akun yakan tsaya a bakin ƙofa yana kallona, amma duk zamana da Baba bai taɓa sa musu baki ba.

Kwana goma sha biyar da rasuwar, na dawo daga kicin na tarar da shi a kan hannun doguwar kujera, ƙasa kuma duk ɓarɓashin jan katako. Furen da ke hannun kujerar ya tafi, sai farin rami. Na kwarma ihu, na ce, “Kai! Ɗan banza!” Ya karkace kai ya dube ni, ya yar da abin da ke bakinsa, ya sauko a natse ya fita.

Daga ranar muka sa zare. In na rufe ƙofa, zafi ya dafa ni, ga shi wayona bai kai nasa ba, don yana jira in fita da kwano a hannu ya bi ta ƙasan labule. Ya ci ƙafar ƙaramar kujera, ya ɓantare gefen kabet, ya tsinke wayar fanka, ya cire maɓallan rimot ɗaya bayan ɗaya ya jera su a ƙasa. Duk sanda na kama shi sai in yi masa ihu, shi kuma sai ya buɗe fukafukai yana rausaya, ashe daɗi yake ji. Ban gane kuskurena ba sai ranar da wasu dattawan mata daga unguwar Akwa suka zo wa Inna ta'aziyya. Suna cikin addu'a, gida ya yi tsit, sai aka ji muryata tar daga baranda: “Kai! Ɗan banza!” Ina kicin a lokacin, bakina a rufe. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige, don babu mai shakkar muryar wace ce.

Wata maƙwabciya ta ce in kirɓa barkono in shafe hannuwan kujerun, wai da ya ɗanɗana sau ɗaya ya tuba. Na samo jan attarugu mai zafin gaske, na kirɓa ina hawaye, na shafe kujerun aurena da hannuna. Akun ya zo ya lashe tas, ya ƙara da katakon da ke ƙasa, kamar na yi masa miya. Wanda barkonon ya kama shi ne maigidana, da ya dawo daga kasuwa ya zauna ya dafa kujera, sannan ya murza ido. Ya daɗe da kansa a cikin bokiti, da ya ɗago ya ce, “Bon, ya isa haka,” ya fita ya sayo kwaɗo ya datse kejin.

Kujeruna suka huta, amma gidan bai huta ba. Kwana biyu akun yana ƙara mai tsaga kunne, a rana ta uku ya yi shiru. Ya daina sallama, ya daina tari, ya koma fizgar gashin ƙirjinsa da baki har fata ta fito. Da safe in na zo shara sai in tarar da gashi toka-toka a ƙarƙashin kejin, in share da sauri kafin wani ya gani.

Duk wannan abin Inna tana takaba. Wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta da carbi, kejin yana taku biyar daga inda take. Ni surukarta ce, matar ɗanta na fari, tsakanina da ita gaisuwa ce a durƙushe da ajiye kwanon abinci, ba ma haɗa ido. Amma ina da ido, kuma na ga wani abu tun kafin a rufe kejin. Rannan da azahar ina shanya, akun ya ce, “Hajiya, ruwan alwala,” sai na ji Inna ta amsa ƙasa-ƙasa, “Na'am, ga shi nan,” ta miƙe ta ɗauki buta, ta yi alwalarta. Ba ta san na ji ba. Daga baya na lura kullum haka take yi. Da aka datse kejin akun ya yi shiru, sai na ga lokacin sallah yana yi ta ɗaga kai ta dubi wajensa, ta jira kaɗan, sannan ta tashi. Kwanon abincin da nake kai mata ya fara dawowa kusan yadda ya tafi.

Maigidana ya ga dai rufewar ba ta yi ba, buɗewar ma ba ta yi ba, ya je ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya tambaye ta yadda za a yi. Ina bayan labule ina ji. Inna ta ce, “Kayan yarinya amana ne a gidan nan. Iyayenta sun sha wahala kafin su yi mata. Ku ba da shi ga wanda zai riƙe.” Ya ce, “Inna, akun Baba ne fa.” Ta ce, “Baban ma ina yake? Ku ba da shi.”

Washegari ya dawo da labari. Wani abokinsa mai shagon yadi a kasuwar Grand Hangar, can unguwar Bonabéri, ya daɗe yana sha'awar akun, ya ce yana so, zai zo ya ɗauka ranar Juma'a ta sama in ya dawo daga tafiya. Kwana goma sha biyu ke nan. Abin da nake ta roƙo ne ya samu, amma sai na kasa murna. Na san Inna kara ta yi min, ba za ta taɓa fifita tsuntsu a kan 'yar mutane ba ko da zuciyarta za ta tsage. Na kuma san ranar da aka fita da kejin nan, ni ce na raba ta da muryar mijinta, kuma ni zan ci gaba da kai mata kwano kullum muna sane. Duk da haka in na shiga falo na ga furen da aka cinye sai raina ya sake ɓaci. Haka na yi ta juyawa tsakanin tausayi da haushi.

Abin da ya fitar da ni daga gida tsoron Gwaggo ne. Ta aiko cewa za ta zo ƙarshen wata, ita kuwa in ta shigo ɗakina kujeru take fara gaisarwa kafin ni. Na nemi izini, na sa mai turin kaya ya ɗauki ƙaramar kujerar da aka ci wa ƙafa, na bi shi a baya muna tsallake kwata zuwa wajen wani kafinta da ke bayan masallacin unguwa. Dattijo ne mutumin kudu, ba Musulmi ba, amma ya tsufa a cikin Hausawa har Hausa ta kama bakinsa. Ya juya kujerar, ya shafa wajen da yatsa, ya fashe da dariya.

“Madam, wannan ba ɓera ba ne. Wannan aikin akun Papa Alaji ne. Ke daga gidansa kike?”

Na ce ni matar ɗansa ce. Ya yi min gaisuwar rashi, sannan ya ce in biyo shi. A bayan rumfar akwai buhu biyu a jingine, cike da guntayen farin katako.

“Nasa ne,” in ji shi. “Kowace Laraba yana zuwa, da ƙafa ta hana shi sai ya aiko. Fari kawai yake ɗauka, mai laushi, wanda ban shafa wa vernis mai sa sheƙi ba, ban sa masa maganin gara ba. Ya ce mai magani zai kashe masa tsuntsu. Wani lokaci in huda masa rami da ƙusa, ya cusa gyaɗa a ciki ko kwakwar manja. Tun da ya rasu ina tarawa, babu wanda ya zo. Na ce to, wataƙila tsuntsun ma ya bi shi.”

Na ce, “Katako kuma? Ci yake yi?”

“Ba ci ba, madam, aiki. C'est son travail, aikinsa ke nan. Bakinsa tsiro yake kamar farce, dole ya gaigayi abu. In ba ki ba shi nasa ba, zai ɗauki naki.”

Ina tsaye a wajen sai wani abu ya faɗo min a rai. Ranar sadakar bakwai ta Baba an ɗora manyan tukwane a tsakar gida, ruwan sama ya jiƙa itacen da aka sayo, wuta ta ƙi kamawa, mata suna ta fifita cikin hayaƙi. Ni kuma amarya mai son a ce ta iya, na tuna da wani buhun busassun guntayen katako da ke bayan ɗakin Baba, da wani tsohon benci duk ya gaigaye wanda na daɗe ina ganin yana ɓata baranda. Na jawo su, na sa aka faskara bencin, wuta ta kama bal-bal, mata suna ta sa min albarka. A kan bencin nan Baba yake zama bayan la'asar yana tsintar goro, akun yana gefensa yana ta ƙwaƙular wani abu. Wata goma sha ɗaya ina wucewa ta gabansu kaina a sunkuye saboda kunya, ban taɓa tsayawa na ga mene ne yake ƙwaƙula ba. Da hannuna na ƙone kayan aikinsa na dafa shinkafa.

Na ɗauko buhu ɗaya, kafintan ya ƙi karɓar komai, ya ce na Papa Alaji ne. Ina isa gida na buɗe kwaɗon, na zuba guntaye uku a saman kejin, na ja baya ina jiran abin al'ajabi. Akun ya fito, ya dube su, ya tura su ƙasa ɗaya bayan ɗaya da baki, ya sauko ya nufi ƙofar falona. Na ce a raina, lallai wannan tsuntsun da ni yake.

Kwana biyu muna haka. Na cusa gyaɗa a ramin, ya zaro gyaɗar ya bar katakon. Na ɗaure guntu da igiya a jikin kejin, ya tsinke igiyar. Kwanaki suna ta tafiya, saura takwas, saura bakwai. A rana ta uku da safe ina goge doguwar kujera, yana bakin ƙofa ya zuba min ido, sai na lura ba ni yake kallo ba, hannuna yake bi. Duk inda tsumma ya taɓa, nan idonsa yake sauka. Na tsaya na dubi ɓarnar da ya yi min tun farko: hannun kujera, gefen kabet, rimot da maigida ba ya rabuwa da shi. Bai taɓa kula turmi ba, bai taɓa kula kujerar tsugunno ta kicin ba. Abin da ya ga mutum yana ji da shi, shi yake so.

Da la'asar na shimfiɗa buhu a inda bencin Baba yake a da, na zauna na juya wa akun baya. Na ɗauki guntun katako ɗaya na shiga goge shi da tsumman kujeruna, ina hura masa iska, ina ɗaga shi ina kallo kamar gwal. Da wani ya shigo a lokacin da ya ce amaryar gidan ta taɓu. Ban daɗe ba na ji ƙarar faratansa a kan siminti. Ya zagayo ya tsaya a gabana, na ɓoye katakon a bayana. Ya sake zagayawa, na mayar gaba. A karo na uku na yi kamar ya suɓuce min, ya cafke, ya haɗa da ɗan yatsana har jini ya fito, ya ja da baya da ganimarsa. Ya riƙe da ƙafa ɗaya ya shiga yi masa filla-filla, yana wani gurnani na jin daɗi. Na tsotse yatsana ban yi ihu ba, don na riga na koyi darasin ihu.

Daga ranar na mayar da shi aikina. Da safe kafin in taɓa kujeruna sai na fara goge nasa a gabansa, in bari ya ƙwace. Nawa kuma in rufe ƙofa in goge su a ɓoye, kamar mai sata a ɗakinta. Bayan la'asar in kawo tsintar shinkafa ko gyaran ganye in zauna kusa da shi, don na gane ba katakon kaɗai ya rasa ba, har da mai zama da shi. In ya nufi falo ba na cewa uffan, sai in ɗauki sabon guntu in fara gogewa, sai ya yi kwana ya dawo. Barandar ta cika da farin ɓarɓashi, ina shara sau uku a rana, ban taɓa jin daɗin shara irin wannan ba. Kwana huɗu bai taɓa min komai ba. A rana ta biyar da azahar ya yi tari, ya yi gyaran murya, ya kira ruwan alwala. Ina kicin na ajiye ludayi na ce alhamdulillahi har sau uku.

A yammacin ranar na kai wa Inna abinci, maimakon in ajiye in tashi sai na ci gaba da durƙuso. Na ce, “Inna, ina da laifi a gidan nan. Katakon da Baba ke ba akun, da bencinsa, ni na ƙone su ranar bakwai. Ban sani ba.”

Tana jan carbi ta ce, “Na gani, ai ina nan zaune.”

“Inna, kin gani? Da ya fara ɓarna me ya sa ba ki faɗa ba?”

“In ce me, 'yata? In ce ke kika jawo? Kina ta wahala da baƙinmu, hayaƙi yana cin idonki. Ban san inda yake samo katakon ba, shi da tsuntsunsa ne suka san wannan. Na ce in na buɗe baki, ranki ne kawai zai ɓaci.”

Na ce ai yanzu akun ya daina ɓarna, sai a fasa bayarwa. Ta girgiza kai. Ta ce, “An riga an yi wa mutum alkawari. Ba a mayar da ɗana ƙaramin mutum saboda tsuntsu.”

Maigidana ma da na same shi abin da ya faɗa ke nan. Ya ce, “Ni na kira abokina da bakina, na ce na ba shi. Ya sayi sabon keji, ya gaya wa yaransa. Da wane ido zan dube shi in ce na fasa?” Na ce ya gaya masa gaskiya mana. Ya ce ke ba ki san sha'anin maza ba. Na ce lallai ban sani ba, na tashi na bar masa falon. Kowa a gidan yana son akun ya zauna, kuma kowa kunya ta ɗaure masa baki. Na yi kwana biyu ina cika ina batsewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Abokin maigida ya yi sallama ya shigo zaure riƙe da kwali da aka huhhuda wa ramukan shan iska. Tun safe Inna ta janye tabarmarta zuwa cikin ɗaki ta saki labule, abin da ba ta taɓa yi da rana ba. Maigidana ya shigo tsakar gida ya tsaya gaban kejin yana sosa ƙeya, akun yana sama yana fama da katakonsa, bai san abin da ake ciki ba.

Ban taɓa yi wa abokin mijina magana ba in ban da gaisuwa. Na yafa mayafi, na wuce maigidana, na tsaya daga bayan ƙofar zaure. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce, “Amarya, an ce tsuntsu ya hana ki sakat. Yau za ki huta.”

Na ce, “Alhaji, roƙo na zo yi. Maigida bai saɓa maka alkawari ba, yana nan a kan maganarsa, shi ya sa ma na zo da kaina. Saboda kujeruna aka ba ka akun nan. Kujerun nawa ne, ni kuma na yafe. Akun da muryar Baba yake magana, Inna kuma tana takaba. In ka tafi da shi, da ni za ta riƙa ganin rashinsa. Don Allah ka bar mana.”

Har na fara tunanin na yi abin kunyar da za a daɗe ana faɗi. Sai na ji ya ajiye kwalin a ƙasa. Ya ɗaga murya ya kira maigidana, ya ce, “Kai yanzu da ka bar ni na ɗauke wa Inna wannan? C'est pas sérieux, ba ka kyauta ba! Ai ce min ka yi ya dame ku, ba ka ce min haka ba. Wallahi ko da kuɗi aka haɗa ni da shi ba zan ɗauka ba.” Maigidana ya fito yana ta kame-kame, abokin yana yi masa tsiya, daga ƙarshe suka ɓuge da dariya. Na kawo musu shinkafa da miyar gyaɗa, ya ci ya yi santi, ya tafi ya bar mana kwalin, ya ce a ba akun ya yaga.

Daga nan na nufi ɗakin Inna na yi sallama. Tana zaune ta ba ƙofa baya, a kan cinyarta akwai wani ɗan ƙulli a tsumma mai tsabta. Ba ta juyo ba ta miƙo min shi ta baya, ta ce, “Ungo, ki ba mutumin kafin su tafi. Gyaɗa ce. Ki ce masa ba ya son mai gishiri, kuma kada su ajiye shi inda iska ke kaɗawa.”

Na ce, “Inna, ya tafi. Akun yana nan.”

Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na shigo gidan. Sai ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Ranar da aka fita da gawar Baba ma ban ga ta yi kuka haka ba. Na rasa abin yi, na tashi zan ba ta wuri, sai ta kamo hannuna ta zaunar da ni a kan tabarmarta. Muka daɗe a haka, ni ma ina share nawa. Da ta natsu ta ce, “Akwai sauran shinkafar nan? Zubo mana a kwano ɗaya, yunwa nake ji.”